Yadda ake sayayya da cin abinci a Khan al-Khalili, tsakiyar tsohuwar Alƙahira

Kusan duk baƙon da ya je Masar, ko karatu ya kai shi ko asibiti ko yawon buɗe ido, ba ya dawowa sai ya leƙa Khan al-Khalili ya yi tsaraba. Kasuwar ta samo sunanta daga wani basarake, Jaharkas al-Khalili, wanda ya gina masauƙin fatake a wurin a ƙarni na 14, zamanin Sarki Barƙuƙ, sannan Sarki al-Guri ya rushe ya sake gini a 1511. Abin da baƙo ya kamata ya sani tun kafin ya fito daga masauƙi shi ne, a wannan unguwa farashi yana bin layin da ka tsaya da kuma wanda ya rako ka. Jallabiyar da za a yi maka tsada a bakin filin Husaini, wato filin da ke gaban Masallacin Husaini kusa da kasuwar, irinta ce Bamisire zai saya da sauƙi a tafiyar minti goma daga nan.

Shirin gida

Fara da kuɗi. Canza dalarka a banki ko a shagon canji mai lasisi, wanda suke kira sarrafa, ka tafi da fasfo, ka kuma ajiye rasit. Canji a hannun mutanen titi laifi ne a dokar ƙasar, kada ka kusance shi ko da an yi maka ƙari. Ka roƙi a ba ka ƙananan takardu, na fam (kuɗin Masar) 10 da 20 da 50, domin "mafish fakka", wato babu canji, ita ce amsar da za ka yi ta ji, kuma mai takardar 200 shi ake danne wa ragowa. Raba kuɗin gida biyu: na kashewa a aljihun gaba, sauran can ciki. Tun da aka saki darajar fam ɗin Masar a watan Maris na 2024 farashi ya sauya sosai, saboda haka kada ka riƙe lissafin da wani ya ba ka na shekarun baya.

Ka koyi lambobin Larabci, irin waɗanda ke jikin shafukan Alƙur'ani, domin da su ake rubuta farashi. Biyar ɗinsu zagaye ne kamar sifilinmu, sifilinsu kuma ɗigo ne. Wanda ya yi makarantar allo ya huta da wannan.

Lokaci mafi daɗi don ciniki shi ne daga hantsi zuwa azahar, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su juye mutane. Ranar Juma'a sai an sauko daga masallaci kasuwa ke ci, ranar Lahadi kuma shaguna da yawa a rufe suke. A watan azumi, bayan buɗa-baki, filin Husaini ba masaka tsinke. Lokacin kallo ne da shan shayi, ba na zaɓen kaya ba.

Isa wurin da gane hanya

Idan da jirgin ƙarƙashin ƙasa za ka zo, sauka a tashar Ataba, ka bi titin Muski gabas da ƙafa, tafiyar kamar minti ashirin cikin cunkoso. Mata suna da taragunsu na musamman a tsakiyar jirgin. Idan mota za ka kira ta Uber ko Careem, rubuta Masallacin Husaini ko Masallacin Azhar. Farar tasi kuwa, ka tabbata direba ya kunna mita kafin ya ja, in ya ce ta lalace ku yanke kuɗi tun kana waje.

Da ka sauka, tsaya a filin Husaini ka fuskanci masallacin. Azhar na bayanka, tsallaken titi. Khan ɗin yana hagunka, kuma babban lungunsa, Sikkat al-Badistan, shi ne zai fitar da kai titin Mu'izz. Wannan titi shi ne ƙashin bayan unguwar: ya miƙe kimanin kilomita ɗaya daga ƙofar Bab al-Futuh a arewa zuwa Bab Zuwaila a kudu. Duk lokacin da lunguna suka rikita ka, tambayi Mu'izz ko Husaini, ka sake farawa daga can.

Zagayen farko ka yi shi ba tare da ka sayi komai ba. Tambayi kuɗin abu ɗaya a shago uku ko huɗu, ka riƙe a ranka. A nan ne kuma za ka haɗu da masu tare baƙi: "Ya hajj, Najeriya? Ɗan'uwana yana da masana'anta, zo ka gani kawai." Wannan dillali ne, kuma la'adarsa a cikin kuɗinka za a cusa ta. Haka direba ko ɗan rakiya da ya nace sai shago kaza. Ka ce "la, shukran", ka dafa ƙirji, ka wuce ba tare da ka rage sauri ba. Idan kana da ɗalibi ɗan gida da ke karatu a Azhar, shi ne rakiyar da ta fi kowace. 'Yan ƙasarmu sun daɗe a wannan masallaci, har akwai ruwaƙi, wato sashen zaman ɗalibai, da aka keɓe wa ɗaliban Barno tun zamanin da.

Kowane kaya da layinsa

Tufafin yau da kullum, jallabiya, abaya, mayafi, kayan yara, a Muski da Guriyya ake nemansu, inda matan gari ke sayayya, ba a cikin Khan ba. Littattafan addini suna bayan Masallacin Azhar, a layin Darb al-Atrak, kuma can ba a yin doguwar jayayya a kan kuɗi, sai ɗan ragi in ka ɗauki da yawa. Ka duba bugu da ɗauri, ka ƙirga juzu'an kafin a ɗaure kwali, domin ba abin takaici kamar ka iso Kano ka tarar juzu'i na bakwai biyu ne, na takwas babu. Zannuwan bango masu ɗinkin hannu suna Khayamiyya, rufaffiyar kasuwa da ke kudu da Bab Zuwaila. Juya bayan zanen, ɗinkin hannu ba ya jeruwa cif kamar na keke.

Kayan ƙamshi da na yaji suna lungunan da ke kusa da mahaɗar Muski da Mu'izz, gefen Masallacin Barsbay. Habbatus sauda, hulba, kirfa, kanumfari, lubban, duk da giram ake sayarwa. Sayi ɗanyen abu wanda ba a niƙa ba, saboda a gari ake yin algus. Hattara da za'afaran: mafi yawan tulin jajaye-jajayen da ake nuna wa baƙi da araha furen usfur ne, yana ba da launi amma ba ƙamshi. Na gaske silili ne masu buɗaɗɗen baki, kuma in an jiƙa su a hankali suke sakin ruwan ɗorawa. Turaren mai kuwa, a ɗiga maka a bayan hannu, ka je ka yi zagaye na rabin awa. Idan ya gudu, an tsinka shi. In ka dawo saye, a zuba maka daga kwalbar da ka shinshina a gabanka, kada a shiga ciki a fito maka da ƙullalliya.

Zinare shi ya fi buƙatar natsuwa. Layinsa Saga, a kan Mu'izz, arewa da mahaɗar Muski. Lissafin gida biyu ne: nauyi sau kuɗin giram na ranar, sai kuɗin aiki, wanda suke kira masna'iyya. Kuɗin giram ana wallafa shi kullum, ka duba a wayarka kafin ka shiga. Ba a yin tayi a kansa. Kuɗin aiki shi ake ja. Karat 21 ya fi yawa a hannun Misirawa, sai 18. Ka nemi a nuna maka hatimin hukuma a jikin kayan da gilashin ƙara girma, a auna a gabanka sikeli yana kan sifili, sannan a rubuta maka rasit mai nauyi da karat da kuɗin aiki daban-daban. Idan akwai duwatsu a jiki, tambayi ko an cire nauyinsu, in ba haka ba ka sayi gilashi da kuɗin zinare. Azurfa ma haka, tana da lamba kamar 800 ko 925.

Fitilu da farantan tagulla, ɗan maganaɗisu a aljihu ya wadatar: tagulla ba ta kama shi, ƙarfen da aka shafa wa ruwanta yana kamawa. Takardar bardi, irin ta Fir'aunoni, da yawa daga ɓawon ayaba ake yinta. Ta gaske in ka ɗaga ta a haske za ka ga zaruruwa sun gitta juna, kuma tana lanƙwasuwa ba ta karye ba. Wanda kuma ya raɗa maka cewa yana da kayan tarihi na ainihi, rabu da shi. Ko dai jabu ne, ko kuma dokar kayan tarihi ta 1983 ta hau kanka a filin jirgi.

Tayi

Bahaushe ba baƙon tayi ba ne, bambancin kawai a nan farkon kuɗin da ake faɗa wa baƙo yakan ninka na gaske sau biyu ko uku. Yi sallama tukuna, ka gaisa. Sai ka ce "bikam da?", nawa ne wannan. A ce ya faɗi 600. Ka ce "gali awi", ya yi tsada sosai, ka taya 200. Zai yi dariya, ya rantse, ya sauko 500. Kai kuma ka riƙa ƙara kaɗan-kaɗan, 20 ko 30, ba 100 ba. In kun kai kusan rabi ka tambaye shi "akhir kalam?", maganar ƙarshe ke nan? Idan bai yi maka ba, yi godiya ka juya. Ya kira ka, akwai sauran ragi. Bai kira ka ba, ka san ka taɓa ƙasan farashi, kuma shagon gaba yana da irinsa.

Abu biyu ke ɓata ciniki. Na ɗaya, nuna zumuɗi a kan abin da kake so. Fara taɓa wani abu daban, shi kuma ka zo kansa daga baya. Na biyu, ka taya a sallama maka sannan ka fasa. Wannan abin kunya ne a can kamar yadda yake a kasuwar Kwari ta Kano, saboda haka kada ka furta kuɗin da ba ka shirya biya ba. Shayin da aka kawo maka kuwa ba bashi ba ne, sha abinka. Kafin ka miƙa kuɗi ka tabbatar da "gine masri", fam na Masar, domin akwai masu cewa daga baya ai fam na Ingila suke nufi. Ka ƙirga canji a tsaye, ka duba ko ba a sako maka takardar kirsh 50, wadda rabin fam ce, a madadin fam 50 ba.

Cin abinci

Gidajen abincin da suka jera kujeru a bakin filin Husaini kuɗin kallo ake biya a cikinsu. In za ka zauna, nemi takardar farashi kafin ka yi oda, ka kuma san cewa ana ɗora kuɗin hidima da haraji a kan abin da aka rubuta, sau da yawa kashi 12 da kashi 14 cikin ɗari. Ƙananan faranta na salak da miyar riɗi da ake ajiyewa ba ka nema ba, su ma sukan fito a lissafi. In ba ka so, ka ce a ɗauke tun da wuri.

Abinci mai daɗi da araha yana cikin lunguna, inda ka ga ma'aikata da ɗalibai sun yi layi. Da safe ful ne, wake mai faɗi da aka kwana ana dafawa a tulun ƙarfe, a zuba masa mai da lemun tsami, a ci da aish baladi, wadda ba ta da maraba da gurasarmu sosai. Tare da shi akwai ta'amiyya, 'yar'uwar ƙosai, sai dai cikinta kore ne saboda ganyen da ake niƙawa a ciki. Ka tsaya a kwaso maka daga mai; wadda ta huce ta sha iska ba ta da daɗi, kuma ita ce mai ɓata ciki. Da rana koshari: shinkafa, makaroni, adas da wake hummus, a malala miyar tumatir da soyayyar albasa. A kan tebur akwai kwalabe biyu, ɗaya ruwan tafarnuwa da khal, ɗaya shatta, wato yaji. Zuba na tafarnuwar sosai, yajin kuma ka ɗanɗana tukuna. Mai son nama ya nemi hawawshi, gurasa da aka cusa wa niƙaƙƙen nama aka gasa, amma ya ɓare tsakiyar ya ga ba ja. Da dare akwai tattabara da aka ɗura wa shinkafa ko ɗanyen alkama, da mulukiyya, wadda lalo ce tsaf.

Abin sha ma kusan na gida ne da wasu sunaye. Karkade zoɓo ne, tamr hindi tsamiya, dum kuwa goruba ce aka jiƙa. Ruwan rake, asab, ana matse shi a gabanka, kuma a take ake shanyewa domin cikin 'yan mintoci yake yin duhu. Mai hawan jini ya guji irk sus, baƙin abin shan nan da ake yawo da shi a babbar buta, saboda yana tayar da jini. Ruwa dai na roba mai rufaffen murfi, ƙanƙarar titi kuma a haƙura da ita, musamman a kwanakin farko. In ka gaji, gidan shayin Fishawi yana cikin lungu kusa da Masallacin Husaini, ya haura shekara ɗari biyu ana shan shayi a cikinsa. Ka ce "sukkar barra" a kawo maka sukari daban, in ba haka ba za a zuba maka wanda ya fi ƙarfinka.

Wajen haɗa kaya, kwalaben turare da suka wuce mililita 100 ba sa shiga jakar hannu. Naɗe bakinsu da salatif, ka sa a leda biyu, ka cusa tsakiyar tufafi. Kayan yaji su ma leda biyu, nesa da mayafai, don hulba in ta kama zane wanki ɗaya ba ya fitar da ita. Littattafai su ke cinye kilo 23 na akwati tun ba a je ko'ina ba, don haka a auna a masauƙi. Zinare da rasit ɗinsa a jikinka za su tafi, fam ɗin da ya rage kuma ka canza shi kafin ka tashi, tunda ba a yarda a fita da fiye da 5,000 ba.