Gashi, Rini da Zafin Rana: Shawara ga Sababbin Zuwa Dubai da Maƙwabtanta

'Yan'uwana da kuka sauka Dubai, Sharja, Doha ko Jidda kwanan nan, sannunku da zuwa, Allah ya sa an zo a sa'a. A makonnin farko hankalin kowa yana kan katin zama da wurin kwana, shi ya sa ba a cika gaya wa baƙo cewa gashin kai yana cikin abubuwan da suka fi saurin nuna an sauya ƙasa ba. Wata uku ko huɗu da zuwa, sai ki ga bakin gashinki ya yi ja-ja, ya bushe ƙayau, mataji yana fitowa da guntattaki. Wadda ta yi rini kuwa, launin da ta kashe kuɗi a kai ya koɗe tun wata bai zagayo ba.

Na san abin da za a ce: mu da muka tashi a Sakkwato ko Damagaram, wace rana za a nuna mana? Da gaskiyarku. Ma'aunin hasken rana mai ƙuna, wanda ake gani a manhajar yanayi ta waya da sunan UV, idan ya kai 11 ya shiga matakin ƙarshe na tsanani, kuma garuruwanmu suna kaiwa nan kamar yadda Dubai take kaiwa a watannin zafi. Sai dai a gida akwai mai kitso a bakin layi, kai yana cikin ɗankwali, man kaɗanya ba ya yankewa a ɗaki. A nan kuwa rana ta samu mataimaka: na'urar sanyaya ɗaki da ke tsotse danshi dare da rana, ruwan famfo mai zafi, ruwan teku da na wurin ninƙaya, ga tsadar shagon gyaran gashi da ke sa mace ta bar kitso ɗaya ya yi wata biyu a kanta.

Abin da nake so ki riƙe tun yanzu, ƙanwata, shi ne gashin da ya riga ya fito daga fata ba shi da rai. Fata idan ta ƙone tana saɓa ta sake sabuwa, amma silin gashi idan ya lalace ya lalace ke nan, sai dai a lallaɓa shi har sabo ya tsiro. Kowane sili an gina shi da wani furotin mai suna keratin, an lulluɓe shi da ƙananan ɓawo masu hawa kan juna. Hasken rana iri biyu ne ke taɓa shi. Na farko, UVB, shi ke cin furotin ɗin, ɓawon ya ɗaɗɗaga, gashi ya yi kaushi ya riƙa karyewa. Na biyu, UVA, ya fi shiga ciki, shi ke cin launi, kamar yadda atamfa ke koɗewa idan an manta da ita a igiyar shanya. Gashi kuma a wata guda da ƙyar yake ƙaruwa da santimita 1. Ke nan bakin gashin da ya sauko miki wuya ya yi shekaru yana shan rana, shi ya sa can ne ɓarna take fara bayyana.

Baƙin gashinmu yana da kariyarsa ta halitta, wato sinadarin melanin mai ba shi launi, wanda ke shanye wani kaso na hasken. Amma garin karewar shi ma yana ƙonewa, jan da kike gani a bakin gashi alamar haka ce. Sannan gashinmu mai murɗe-murɗe ne, man da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa har ƙarshen sili, don haka dama can ya fi na Larabawa da Indiyawan da kike zaune da su saurin bushewa. Kada ki ɗauki shamfun abokiyar ɗakinki ki bi tsarinta na wanke kai kullum. Nata gashin daban, naki daban.

Babbar kariya ita ce rufe kai, kuma wannan mun gada. Sai dai ba kowane mayafi ne ke tare rana ba. Ki ɗaga gyalenki ki duba fitila ta cikinsa: idan kina hango hasken tar, rana ma tana wucewa. Siririn shifon mai haske ado ne kawai. Yadi mai matsattsiyar saƙa ya fi karewa, mai duhu kuma ya fi mai haske tare UV ko da yake ya fi ɗaukar zafi. Idan kin ga hula ko mayafi an rubuta UPF 50 a jiki, ma'anarsa kashi 1 cikin 50 na hasken ne kawai ke ratsawa. A ƙarƙashin hijabi ki sa hular satin ko siliki, domin auduga tana shanye man gashi tana kuma goge gashin gaban goshi har ya fara ja baya. Kada kuma ki ɗaura komai a kan jiƙaƙƙen kai ki fita. A danshin Jidda ko na Dubai a watan Agusta, wannan hanyar amosani ce da ƙaiƙayi da wari.

Lokacin fita ma abin lura ne. Ba banza ba Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa take hana aiki a fili daga 12:30 zuwa 3:00 na rana, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Saudiyya tana da irin wannan doka a watannin, daga 12 zuwa 3, Katar kuma tata ta fi tsawo, daga 10 na safe zuwa 3:30. An yi dokar don ceton rayukan ma'aikata, amma ta isa ta nuna miki sa'o'in da ya kamata ki nemi inuwa. Gajimare ko ƙura kada su ruɗe ki, yawancin UV yana ratsa siririn gajimare. Gilashin mota yana tare UVB amma na gefe yana barin UVA ya shigo, wato mai cin launin. Waɗanda aiki ya kai su Ɗa'ifa ko Abha, garuruwan kan duwatsu na Saudiyya, su sani sanyin can bai rage komai ba, a kan tudu hasken ƙaruwa yake yi, kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000.

Yanzu ruwa. Yawancin ruwan famfo a nan na teku ne da aka tace gishirinsa, kuma a gidaje da yawa tankin yana kan rufi. A watan Yuli idan kin buɗe famfon sanyi da azahar, ruwan da zai zubo yana iya sa ki janye hannu. Dabarar tsofaffin zama ita ce a kashe hita gaba ɗaya a watannin zafi, sai ruwan da ke kwance a cikinta, tunda tana cikin gida, ya zama shi ne mai sanyi, a riƙa buɗe ɓangaren ja maimakon shuɗi. Ko ki tari bokiti tun dare ya huce. Ruwan zafi yana buɗe ɓawon gashi ya kwashe mai da rini tare, don haka wanke kai sai da ruwa mai sanyi-sanyi, sau ɗaya a mako ya wadatar, da shamfu marar sinadarin salfet, a bi da kwandishina kowane lokaci. Idan gumi ya dame ki a tsakiyar mako, ɗauraya da ruwa da kwandishina kawai. A shagunan kayan ƙamshi da ganyayyaki, irin na kasuwar Dera a Dubai, za ki samu garin da suke kira sidir. Ganyen magarya ne, yana wanke kai a hankali ba tare da ya busar da shi ba. Wadda ta zo da karkashi a jakarta ta yi dabara, yauƙinsa yana warware gashi kafin a taje.

Game da mai, akwai kuskuren da ya yaɗu: a lafta man kwakwa ko zaitun a fita rana da tunanin an kare kai. Waɗannan mayukan ba sa tare UV yadda za a dogara da su. Aikinsu riƙe danshi. Ki fara fesa ruwa kaɗan ko kwandishinan da ba a wankewa, sannan ki bi da mai don ya kulle danshin, ki fi ba bakin gashi. Man kwakwa yana da fifiko guda, yana shiga cikin sili ya rage asarar furotin, shi ya sa shafa shi kafin wanke kai yake da amfani. Akwai kuma feshin gashi masu tare UV a manyan kantuna da shagunan magani. Suna taimakawa ranar da kai zai kasance a buɗe, amma ba su kai mayafi ba. Tsagar kitso fata ce, tana ƙonewa, a shafa mata man kariyar rana na fata mai SPF 30 ko sama.

Maganar rini ita ce ta fi damuna, don a nan na fi ganin kuka. Baƙin gashi ba ya karɓar launin zuma ko ruwan goro sai an fara cire melanin ɗinsa da bilicin. Wato an kwance masa garkuwarsa, sannan a fito da shi ranar Dubai. Idan kuma dama akwai rilaksa a kai, wadda ita ma ta riga ta karya ƙarfin sili don ya miƙe, to gashi ya sha duka biyu. Ban yarda a haɗa rilaksa da bilicin a kai ɗaya ba, ko mai shago ta ce ba komai. Rini na dindindin ma a bar aƙalla mako biyu tsakaninsa da rilaksa. In da hali, a ɗage babban sauyin launi zuwa Nuwamba ko Disamba lokacin da rana ta sassauta. Jan launi ya fi kowanne saurin gudu. Bayan rini a bar kai kwana biyu zuwa uku kafin a wanke. Idan launin ya fara komawa ruwan lemo, shamfu mai launin shuɗi yana danne shi, mai launin shunayya kuma na wadda nata ya yi rawaya ne. Lemon tsami da wasu ke matsawa a kai su zauna a rana don gashi ya yi haske, ƙona shi kawai suke yi.

Rinin lalle ya fi su aminci. Launinsa yana kama keratin ya zauna, yana kuma lulluɓe sili ya ƙara masa kauri, ko da yake yana ɗan busarwa, sai a bi shi da mai. Amma ki karanta jikin kwali. Abin da ake sayarwa da sunan baƙin lalle sau da yawa an zuba masa sinadarin PPD, mai iya kumbura fuska da fatar kai. Kowane rini ne, a gwada ɗan kaɗan a bayan kunne a jira awa 48. Idan kin taɓa sa lalle kuma za ki yi rinin shago, ki faɗa wa mai gyaran tun kafin ta haɗa komai, domin wasu haɗe-haɗen lalle suna ɗauke da gishirin ƙarfe da ba ya jituwa da bilicin.

Ranar zuwa teku ko wurin ninƙaya, ki jiƙa gashi sharkaf da ruwan famfo, ki shafa kwandishina, ki sa hula. Gashin da ya ƙoshi da ruwa mai kyau ba ya shan na kulorin da gishiri da yawa. Da fitowa a ɗauraye, kada a bari ya bushe a rana. Yara ma haka, musamman 'yan matan da makarantarsu ke da darasin ninƙaya.

Maza, ku ma da ku. Masu kai saƙo a babur, masu gadi da masu aikin gini, gumi yana taruwa ƙarƙashin hular kwano, a sa siririn kyalle mai tsabta a ciki a riƙa wanke shi. Wanda ya yi Umra ya aske kai tas, fatar da ta saba ɓuya ta fito fili, kuma baƙar fata ma tana ƙonewa, sai hula ko man kariya har gashi ya tsiro. Idan an ɗaura harami ba a rufe kai, amma laima ta halatta, a riƙe ta. Mai sanƙo ya fi kowa bukatar wannan. Gemu mai lalle ko rini kuwa, wanke shi da sabulun wanka kullum ne ke koɗar da shi.

Idan bakin gashi ya riga ya tsattsage, babu man da zai haɗa shi, a datse santimita ɗaya ko biyu kafin tsagar ta hau sama, a yi kitso marar ɗauri da zai ɓoye bakin. Sannan a bambance karyewa da zubewa. Guntayen gashi marasa saiwa aikin rana ne da bushewa. Dogon sili mai ɗan farin kai a gindi kuwa daga fata ya fito, kuma zubar 50 zuwa 100 a yini ba komai ba ne. Wata biyu ko uku bayan ƙaura, damuwa da sauyin abinci kan sa ya zuba fiye da haka, yawanci ya tsaya da kansa. Idan ya wuce wata shida, ko kin ga fili a kai, ki je asibiti da katin inshorarki a duba jininki, musamman ƙarfen jini, maƙoƙo da bitamin D, wanda ƙarancinsa ya yi yawa a ƙasashen nan saboda zaman cikin gida.