Yadda za ka gano irin waken da zai iya da wuta-wutar gonarka

Wuta-wutar wake, wadda masana ke kira Striga gesnerioides, ba ɗaya ba ce a ko'ina. A Afirka ta Yamma an kasa ta gida bakwai bisa irin waken da kowace ke iya kamawa: SG1 a Burkina Faso, SG2 a Mali, SG3 a Najeriya da Nijar, SG4 da SG4z a Benin, SG5 a Kamaru, SG6 a Sanigal. Furenta da kansa yake barbarar kansa, shi ya sa kowane dangi ke riƙe halinsa shekara da shekaru, saɓanin ƙudujin dawa da gero da ke gauraya da juna. Waken B301 na ƙasar Botswana ya gagari kusan dukkansu, amma SG4z ta Zakpota a Benin ta kama shi. Don haka yabon da aka yi wa iri a wata ƙasa ba hujja ba ce a gonarka. Sai ka gwada.

Zaɓi inda ta fi yin ɓarna bara, galibi jigawa ce da ta gaji. Nemi iri uku ko huɗu masu juriya, kamar SAMPEA 10, SAMPEA 14 da SAMPEA 15 da suka fito ta cibiyar binciken aikin gona ta IAR Samaru, ka haɗa da waken gida wanda ka san tana cinsa. Wannan na gidan shi ne shaidarka: in bai kamu ba, gwajin bai nuna komai ba, domin ƙila babu ƙwayarta a wurin ko damshi bai isa ya tashe ta ba. Kowane iri a ba shi kunya biyu masu tsawon mita 5, tsakanin kunya santimita 75, tsakanin rami 20, a bar tushe biyu bayan tsiro. A maimaita jerin a wurare uku cikin gonar, a sauya wa kowane iri mazauni, saboda ƙwayarta ba ta bazuwa daidai a ƙasa. Kada a zuba wa wata kunya takin gida a bar wata.

Wuta-wutar tana fara leƙowa bayan mako biyar zuwa bakwai da shuka. A mako na tara ƙirga tsironta a kowace kunya, ka rubuta. Nan ne mutane da yawa ke tsayawa, kuma kuskure ne. Tona tushe biyar a kowane iri da fartanya a hankali, ka wanke saiwar a bokiti, ka duba ƙulli-ƙullin da ke manne. Ƙullin da wake ke yi don tara sinadarin taki ɗan dunƙule ne, in ka fasa shi ja-ja ne a ciki. Na wuta-wuta ya fi tauri, da ɗan farin toho a kansa. Irin da bai nuna komai a sama ba amma saiwarsa cike take, bai tsira ba. Ganyensa ma kan nuna rawaya tsakanin jijiyoyi tun kafin ta fito.

In furen da ya fito rawaya ne ba shuɗi-shuɗi ba, Alectra vogelii ce, wadda ke kama waken suya da gyaɗa da gurjiya ma. Ƙirga ta daban, don jure wa ɗaya ba ya nufin jure wa ɗayar. Wadda kuma ka gani kan baba ko yaryaɗi a gefen gona galibi dangin daji ce mai nata abin kamawa, kada ka sa ta cikin lissafi.

Da zarar ka gama ƙirga, tuge duk tsiron wuta-wutar da na Alectra kafin su yi 'ya'ya, ka tara a buhu ka ƙone. Tsiro ɗaya na zubar da dubban ƙwayoyi masu kama da ƙura, kuma suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10. Kakkaɓe ƙasar garma da fartanya kafin ka shiga wata gona, kuma kada ka ɗebi irin baɗi daga waken da aka sussuka a ƙasan wurin gwajin.