Yadda ake gano netmas da ya dace da jerin adireshin IP

Kowane adireshin IPv4, wato lambar da ake gane na'ura da ita a cibiyar sadarwa, yana ƙunshe da bit 32 (kowane bit sifili ne ko ɗaya) da aka kasa gida huɗu, kowane gida daga 0 zuwa 255. Aikin netmas shi ne ya shata iyaka tsakanin ɓangaren da ke nuna cibiyar sadarwa da ɓangaren da ke nuna na'ura, kuma tun bayan shigowar tsarin rabon adireshi na CIDR a 1993 ake rubuta shi a taƙaice da yawan bit ɗin cibiya, kamar /26.

A ce an ba ka jeri daga 192.168.10.64 zuwa 192.168.10.127. Ka ɗebe 64 daga 127 ka ƙara ɗaya, za ka samu adireshi 64. Da yake sai an jera biyu sau shida ana ninkawa kafin a kai 64, bit 6 na na'urori ne, ragowar 26 kuwa na cibiya. Gidan ƙarshe na netmas yana fitowa ne idan ka ɗebe 64 daga 256, wato 255.255.255.192. Na'urori 62 kaɗai za su samu gurbi, domin adireshin farko sunan cibiyar ne, na ƙarshe kuma na aika saƙo ga kowa ne.

Sai dai ƙidaya kaɗai ba ta isa ba, kuma a nan ne na fi so a natsu. Dole ne girman jerin ya raba lambar gidan ƙarshe ta adireshin farko ba saura. Dubi jeri daga 192.168.10.100 zuwa 192.168.10.163: shi ma adireshi 64 ne cif, amma 64 ba ta raba 100 daidai, don haka duk wanda ya rubuta masa /26, na'urar za ta ɗauka 64 zuwa 127 yake nufi, daga 128 zuwa sama kuma su faɗa waje ba tare da wani gargaɗi ba. Idan ka rubuta su da sifili da ɗaya, 100 ita ce 01100100, 163 kuma 10100011. Tun daga bit na farko na gidan ƙarshe suka saɓa, bit 24 na gidaje ukun farko kaɗai suka zo ɗaya, saboda haka netmas mafi ƙarancin faɗi da zai haɗe su shi ne /24, wanda ya kwaso adireshi 256.

Idan dokar tsaro kake rubutawa, wato wadda ke tantance adireshin da za a bari su shiga cibiya, wannan faɗin ya yi yawa, domin ka buɗe ƙofa ga adireshi 192 da ba ka nufa ba. Gara ka yanka jerin gida biyar, kowanne da lambar da ya fara da ita a gidan ƙarshe da netmas ɗinsa: 100/30, 104/29, 112/28, 128/27 da 160/30, waɗanda girmansu 4, 8, 16, 32 da 4 ne, jimilla 64.