Darasi na Tara: Gubar Dalma a Ruwan Fadama

Ɗalibai, mun saba cewa in ruwa ya kwanta ya yi garau, to ya shawu. Wannan darasi zai nuna mana inda maganar nan ba ta ci ba.

A shekarar 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, yara suka riƙa amai da taune-taune suna rasuwa, har aka binne wajen 400. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne, sai da aka auna jininsu aka ga gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don zinari yana ɗauke da dalma. Ana niƙa shi a tsakar gida, wani lokaci da injin da ake niƙa hatsi, sannan a kai garin bakin kududdufi a wanke.

Nan ne matsalar ruwa ta faro. Dalma ba ta ruɓewa kamar kashin shanu. Takan nutse cikin laka ta zauna shekara da shekaru. A wannan kududdufin yara ke wanka, awaki ke sha, magina ke ɗibar ƙasar tubali. Damina na sauka, ruwa ya kwashi lakar ya gangara fadama, inda muke shinkafa da alayyafo. Ku tuna, Gulbin Zamfara bai tsaya a Gummi ba, ya bi ta Jega har cikin Kebbi. Zaibar da ake kama zinari da ita kuwa, a jikin kifi take taruwa, musamman manyan da ke cin 'yan'uwansu.

Abin da ya fi damuna shi ne, uwa takan tafasa ruwan nan ta ba jaririnta hankali kwance. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta taɓa dalma ko kaɗan. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano.

Saboda haka a yi niƙa da wanki nesa da gari da fadama. Mai aikin ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Ruwan sha a ɗebo a burtsatse, a rufe randa. Yaron da ya yi wasa a wurin wanki, a kai shi asibiti a auna jininsa, ko da lafiyarsa lau.

Aikin gida: rubuta sunayen kududdufan garinku, ka sa alama a kan wanda aka taɓa wankin zinari a cikinsa.