Ɗan ci-rani a Legas, ga yadda zaka rage wa waya ƙarfi

Duk wanda ya taɓa hawa danfo daga Agege da sassafe goslo ya kama shi a Oshodi ya san yanayin, kwandasta na ta ihun canji, zufa na zuba, amma kowa kansa a sunkuye cikin waya, wannan TikTok, wancan Facebook, na gefenka kuma ya ƙure murya yana jin saƙon gurup ɗin garinsu. Mu 'yan arewa da ke nan waya ba kayan ado bace, da ita kake jin muryar Inna, da ita kake tura kuɗin cefane gida, da ita dillalin kasuwar Mile 12 ke sanin motar tumatir ta taso ko bata taso ba. Don haka ni ba zan ce ka yar da ita ba, duk wanda ya ce maka haka bai san ci-rani ba. Abin da zan nuna maka shi ne yadda na yi na daina zama bawanta, ka ɗauki wanda ya yi maka.

Fara da duba awa nawa take cinye maka. In Android ce shiga Settings ka nemi Digital Wellbeing, in iPhone ce Screen Time, zai baka lissafin kowace manhaja dalla-dalla. Ranar da na fara dubawa na ga awa shida da wani abu, wallahi sai da na yi salati, ni da kullum nake cewa bani da lokacin zuwa karatu bayan magariba. A nan wurin dai zaka iya sa wa TikTok ko Facebook iyaka, minti arba'in misali, in ya cika ta rufe kanta. Zaka iya buɗewa da hannunka mana, babu ɗan sanda a ciki, amma wannan 'yar kunyar da zaka ji ita ce maganin.

Sai ƙararrawar saƙo. Kashe ta duka ka bar kira da saƙon banki kawai. Gurup ɗin 'yan aji, na 'yan unguwa, na siyasa da aka jefa ka ba a tambaye ka ba, danna musu mute, ba sai ka fita an ce ka yi girman kai ba. Kuma ka shiga Storage and data a WhatsApp ka hana bidiyo da hoto sauka da kansu, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 kan kuɗin kira da data a farkon 2025 ba wanda ke da datar da zai ƙona kan bidiyon barka da Juma'a guda talatin.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya, jita-jita. A 2014 da Ebola ta shigo Legas, cikin dare ɗaya saƙo ya zagaye ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, iyaye na ta tashin yara da tsakar dare, wasu aka kwantar da su asibiti wasu ma suka rasa ransu, kuma duk wanda ya tura saƙon da niyyar taimako ya tura. Mu a nan abin ya fi haka haɗari saboda mu baƙi ne a garin mutane. Wanda ya ga rikicin Mile 12 na 2016 har aka rufe kasuwa ya san yadda ƙaramar hatsaniya ke komawa faɗan ƙabila. To in aka turo maka bidiyo ana cewa ga shi can ana kashe 'yan arewa a wuri kaza, kafin yatsanka ya kai kan turawa ka yi abu uku. Duba saman saƙon, in akwai kibiya biyu to WhatsApp na gaya maka ya bi hannaye da yawa kafin ya zo gunka, ba wanda ya san mafarinsa. Kira wani da ka sani a unguwar, muna da mutane a Idi-Araba, Alaba Rago, Obalende, Apapa, ko'ina, minti ɗaya ya isa ka ji gaskiya. In hoto ne saka shi a Google Lens, manhajar da ke nemo asalin hoto, sau da yawa zaka tarar tsohon abu ne ko na wata ƙasa daban. In baka iya tabbatarwa ba ka bar shi ya mutu a wayarka, don wanda zai gani a Kano ko Sakkwato bai san Legas ba, ransa ne kawai zai ɓaci, mahaifiyarka kuma ta kwana bata yi barci ba. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015, ana kama mutane da ita kan abin da suka wallafa, kar ka ce ai ni turawa kawai na yi.

Maganar sitatus kuma, nan kam mu muke jawo wa kanmu. Mutum yana kwana su shida a ɗaki ɗaya, ranar Lahadi ya je Lekki, unguwar masu kuɗi, ya jingina da motar wani ya ɗau hoto ya ɗora, kafin la'asar ƙanin baba ya kira yana neman kuɗin taki, 'yar goggo na son gudunmawar biki, ka ce babu a ce ka samu duniya ka manta da dangi, alhali kai ka nuna musu. Shi kuma yaro a ƙauye ya gani ya bar gona ya hau tirela ya taho, ya tarar an hana acaba a manyan unguwanni tun 2022. Kai ma haka ake maka, wanda kake kallo kana jin rayuwarka ta tsaya wataƙila bashin manhajar ba da rance ne ya yi masa katutu. Abin da na yi shi ne duk shafin da in na gama kallo sai in ji ƙunci a raina na daina binsa, ba faɗa ba gaba. Sitatus kuwa akwai wurin zaɓar masu gani a Privacy, ka yi amfani da shi.

'Yan damfara a gurguje. Duk wanda ya kira ya ce karanto min lamba shida da aka turo maka, ko da sunan shugaban ƙungiyarku ya zo, kashe wayar, WhatsApp ɗinka zai kwace ya dinga roƙon mutanenka kuɗi da sunanka. Kunna Two-step verification, wato ƙarin lambar sirri a WhatsApp, yau ɗin nan. Masu cewa zuba dubu hamsin ka kwashi ɗari kuma, irinsu MMM ta yi da mutane a 2016, CBEX ta maimaita a 2025.

Dare shi ne ya fi ba ni wuya. Ka dawo a gajiye ka ce bari in ɗan duba, sai ƙarfe biyu, asuba ta wuce ka, ka fita kasuwa kai na sarawa kana faɗa da kwastoma. Ni dabarar da ta yi min aiki ita ce bayan isha'i in kira gida mu gaisa sosai, murya da murya, sannan in kai wayar gun mai caji na bakin layinmu ko in jona ta can nesa da katifa in an kawo wuta. Don tashin asuba na sayi ɗan agogon ƙararrawa a kasuwar Agege, batir biyu yake ci.