Cin abinci a waje a Maradi, daga rumfar mai tuwo zuwa teburin otel

A Maradi agogo ne ke fara zaɓar maka abinci, aljihu ya biyo baya. Mai tuwo ko shinkafa da miya tana sauke tukunya wajen ƙarfe 12, kuma daga nan zuwa ƙarfe 2 abincin yake kan ganiyarsa. Wanda ya zo bayan la'asar ƙanzo zai tarar, da miyar da aka tsinka da ruwa don ta kai. Masu balangu da tsire sun fi ci da yamma, naman da ya fi daɗi yana sauka gab da magariba. Litinin da Juma'a, ranakun babbar kasuwa, ka riga mutane, domin baƙin ƙauye da fatake kan cinye tukunya tun kafin azahar.

Baƙo ya fara koyon ƙidaya, don a rumfa da dala ake lissafi. Dala ɗaya sefa 5 ce. In mai abincin ta ce "arba'in", sefa 200 take nufi. "Ɗari" sefa 500 ne. Jika kuma 1000. Wanda ya ƙetaro daga Jibiya ya ji "ɗari" ya miƙa sefa 100, kunya kawai zai sha. Kuma a rumfa kai ne kake faɗin kuɗin da za ka ci: "Hajiya, a zuba mini tuwo na sittin, miyar kuka, nama biyu." Naman kuɗinsa daban, yanka-yanka ake ƙirga shi. In ka ce "a sa nama" ka yi shiru, ludayinta ne zai yanke hukunci, kai kuma ka biya.

Kafin ka zauna, dubi abu uku. Miyar tana kan garwashi tana tururi, ko tana cikin roba tun safe? Ruwan ɗauraye kwano ana canja shi, ko ya koma kamar kunu? Su wa ke ci? Rumfar da masu kabu-kabu da ma'aikata suka cika, tukunyarta ba ta kwana. Wanke hannu da ruwan buta mai zuba, da sabulu, ka ƙyale tasar da kowa ya tsoma hannu.

Yanayi ma yana da nasa sharaɗi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma miyar gyaɗa, wake da duk abin da aka sa wa mayonez ba sa jure sa'o'i a waje. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, abin da ke firigo ya narke ya sake daskarewa, kaza da kifi su ne ke fara nuna hali. Da damina a rage ɗanyen salati da ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, a sha ruwan kwalba ko na leda da ba a huda ba. Dambun zogale ya sha tururi, ba laifi, amma ɗanyen tumatir da albasar da ake barbaɗawa a kai su ne abin dubawa.

Wajen mai nama ka karɓi ɗanɗano, hakkinka ne. Nuna wurin da kake so, tsoka zalla ko haɗe da kitse, ka ce a mayar da shi kan wuta minti biyu ko uku kafin a naɗe. Hanta da kayan ciki sai sun gasu har ciki. Yaji a sa shi gefe. Da ƙuli ake haɗa shi, don haka wanda gyaɗa ke tayar masa da ƙaiƙayi ko kumburi ya faɗa tun kafin a barbaɗa.

Gidajen abincin baƙi kuwa kowanne da tukunyar da ya ƙware a kai, kada ka je wurin ƴan Senegal neman tuwo. Nasu ceb ne, shinkafar da aka dafa cikin romon kifi da tumatir, tukunya ɗaya da rana, in ta ƙare ta ƙare. Sai yasa, kaza da albasa mai yawa da lemun tsami, da mafe mai miyar gyaɗa. Ƴan Kodibuwa aceke ne nasu, rogon da aka turara, da soyayyen kifi da aloko, wato soyayyar ayaba. Tambayi kifin: na ruwan daɗi ne irin na tafkin Madarunfa, ko na teku da ya zo a daskare? Duka biyun ana ci, amma ba kuɗinsu ɗaya ba.

A otel ko babban restoran komai ya juya. Ba a dafa abinci sai ka nema, don haka gasasshen zabo ko kifi zai iya cin minti 30 zuwa 45. Mai gaggawa ya tambayi abincin ranar, wanda ake rubutawa plat du jour. Shi ne a shirye, kuma sau da yawa shi ya fi araha. In kun haura mutum shida, a kira tun da safe a faɗi adadi da abin da za a ci. Takardar abincin da Faransanci take: entrée abin buɗe baki ne, ƙarami, kada ka ɗauka shi ne abincin, plat shi ne babban, dessert kayan zaƙi na ƙarshe. Kalmomin porc, jambon, lardons da vin suna nuna alade ko giya, in ka gan su ka tambaya. Naman sa kuma in ba ka ce bien cuit ba, zai iya zuwa da ja a tsakiya, kuma ba kuskuren mai dafuwa ba ne, haka tsarin yake.

Wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu, haka ake jerawa. Wanda ba ya cin abinci da hagu ya yayyanka namansa tukuna, ya ajiye wuƙar, ya mayar da cokalin dama. Babu mai kallonsa. Mai kawo abinci kuwa a ɗaga masa hannu a ce "Malam" ko "Madam", ba a tafa masa.

Wanda ya gayyata shi ke biya. In karo-karo za a yi, a daidaita tun a hanya, kada a tsaya jan takarda gaban baƙo. Duba lissafin layi-layi, musamman ruwa da lemo, nan aka fi ruɗewa. In an rubuta TTC haraji na ciki, in HT ne za a ƙara. Tukuici ba dole ba ne, amma barin canjin sefa 200 zuwa 500 ya wadatar. Ka tambaya tun da farko ko suna karɓar kuɗi ta waya, kuma ka riƙe ƙananan kuɗi, domin takardar jika goma a rumfa tana iya zaunar da kai rabin sa'a ana yawon neman canji.