Shawara ga magidanta kan kuɗin wutar lantarki

Assalamu alaikum 'yan uwa na Damagaram. Kamfanin NIGELEC yana da farashi mai rangwame ga gidajen da wutar da suke sha ba ta wuce kilowat-awa 50 a wata ba, sai dai da yawanmu muna rasa wannan sauƙin saboda iyalai uku ko huɗu suna haɗuwa a kan mita guda, lissafin ya taru ya haura iyaka. Wanda yake da hali ya nemi tasa mitar.

Haka kuma, kafin zafin Afrilu da Mayu ya shigo, lokacin da fanka ke kwana tana juyawa, yana da kyau maigida ya shiga adashe domin takardar wuta kaɗai. Idan bashi ya riga ya taru, a je ofishinsu da takardun a nemi biya kaɗan-kaɗan tun kafin a yanke wutar.